Zaɓen Injin Jan Gungume na Ɗauka a Hannu

Injin zarto mai kaifi yakan kayar da bishiya cikin 'yan mintuna, amma fitar da gungumen daga inda ya faɗi zuwa inda mota za ta iya tsayawa yakan cinye yini guda, wani lokacin har ya haɗa da lafiyar bayan ma'aikaci. Gungume yakan faɗa cikin kwazazzabo, ko a fadama inda tayar mota ke nutsewa, ko a tsakiyar gandun turare da aka dasa layi-layi ba tare da an bar wa tarakta hanya ba. A irin waɗannan wurare ne ake bukatar injin ja na ɗauka a hannu, wanda masu aikin ke kira winci, wato ƙaramin inji da mutum ɗaya zai saɓa ya shiga da shi daji, ya ɗaure shi a gindin wata bishiya, ya jawo da shi abin da majiya ƙarfi goma ba za su iya motsawa ba. Masu niyyar saye sun fi tambayata wane inji ne ya fi ƙarfi, ni kuwa nakan ce mu fara auna gungumen tukuna, domin daga nauyinsa da irin ƙasar da zai bi ne ake gane injin da ya dace, da igiyar da za ta ɗauke shi, da duk sauran abin da za a ɗaura a tsakaninsu.

Lissafin ba shi da wuya. Gungumen da faɗin bakinsa ya kai santimita 50, tsawonsa kuma mita 4, girmansa ya kusa kashi 79 cikin 100 na kubik mita ɗaya, wato cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗaya ne. Ɗanyen itace mai nauyi, irin turare da aka sare yau, yakan kai kimanin kilo 1,000 a kowace irin wannan mita, saboda haka gungumen nan yana dab da kilo 800. Idan faɗin bakin ya ninka ya zama mita ɗaya, nauyin ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu zai yi, ya haura tan 3, kuma a nan ne ido yake yaudarar mutane da yawa. Malaina ta fi sauƙi, tsohuwar darbejiya da maɗaci suna da nauyinsu, ƙirya kuwa ko ta bushe ba ta da sauƙin ɗauka. Ruwan da ke jikin ɗanyen itace kaso ne babba na nauyinsa, shi ya sa gungumen da ya yi wasu watanni a kwance lokacin rani yake zuwa da sauƙi fiye da ɗan'uwansa da aka sare da damina.

Jan gungume a ƙasa bai kai ɗaga shi sama bukatar ƙarfi ba. A fili mai laushi wanda ba shi da tudu, ƙarfin da ake bukata yakan kama daga rabin nauyin gungumen zuwa kusan nauyinsa duka, gwargwadon kaushin ɓawonsa da irin ƙasar. Da zarar an fara hawa tudu lissafin ya canza, domin gangaren da ya kai digiri 20 yana ƙara kimanin kashi ɗaya bisa uku na nauyin gungumen a kan abin da ake ja. Abin da ya fi waɗannan duka muni shi ne lokacin da bakin gungumen ya caki ƙasa yana huɗa kamar garma, ko ya tokari kututture ko saiwa ko dutse, domin a wannan lokacin ba gungume ake ja ba kuma, ƙasar ce gaba ɗaya, kuma ƙarfin da ke kan igiya yakan haura har iyakar abin da injin zai iya bayarwa. Wannan daƙiƙar ce ya kamata mai saye ya riƙe a zuciyarsa, domin a cikinta ne igiya mai rauni take tsinkewa, ƙugiya take buɗewa, turke yake tugewa.

Lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikin kwali tana bukatar a karanta ta da natsuwa. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka da fam ake rubuta ƙarfinsu, fam ɗaya kuwa bai kai rabin kilo ba, saboda haka inji mai lamba 4,000 kimanin kilo 1,800 yake ja. Na Turai sukan rubuta da kilo ko da kilonyutan, shi kuma kowane ɗaya yana daidai da kimanin kilo 102. Wasu masu sayarwa sukan rubuta ƙarfin da ake samu bayan an ninka igiya ta cikin fuli, wato ƙaramar taya mai kwari da igiya ke bi ta kanta, ba ƙarfin igiya tilo ba, wanda hakan ya mayar da lambar ninki biyu na gaskiyar injin. A injin da ke naɗe waya a gangarsa kuma, lambar ta shafi layin farko ne kaɗai na wayar da ke manne da gangar. Duk layin da ya hau kan wani yana ƙara wa gangar kauri, ƙarfin ja yana raguwa, har ya zama idan gangar ta cika an yi asarar kashi ɗaya bisa uku ko fiye, daidai lokacin da gungumen ya iso kusa kuma ake son a haye da shi bakin rami.

Mutane da dama sukan fara tunanin wincin lantarki irin wanda ake ɗaura wa motocin shiga daji, saboda ya fi samuwa kuma lambarsa tana da girma. An ƙera shi ne don ya ciro mota daga laka cikin minti ɗaya ko biyu sannan ya huta. Idan yana ja da iyakar ƙarfinsa yakan zuƙi wutar da ta kai amfiya 300 zuwa 400 daga batir, injinsa ya yi zafi, batirin ya faɗi, wayarsa kuma ba ta cika wuce mita 25 zuwa 30 ba. Ga wanda motarsa ke isa har bakin aiki, kuma gungume biyu ko uku zai ɗora a rana, zai iya biyan bukata. Ga wanda zai yini yana ja daga nesa, bai dace ba, kuma ɗaukar sa tare da babban batir zuwa cikin daji ya fitar da shi daga sahun kayan ɗauka a hannu.

Akwai kuma wanda ake haɗawa da kan injin zarto, a cire takobin da sarƙar a ɗaura winci a gurbinsu. Lewis Winch shi ne sanannen wannan nau'i, yana ɗaukar wayar ƙarfe mai kaurin kusan milimita 5 da tsawon kimanin mita 45, kuma idan an haɗa shi da babban zarto yakan ja har kusan kilo 1,800. Amfaninsa a fili yake, domin inji ɗaya ne ke aiki biyu, kuma kayan gyaran manyan injinan zarto irin na Stihl da Husqvarna ba su da wuyar samu a kasuwannin 'yan katako. Abin da ke damuna da shi shi ne cewa aikin itace yanka ne da ja a cakuɗe: ana ja sai reshe ya tokare, a bukaci zarto nan take, shi kuwa zarton yana ɗaure a jikin winci. A ƙarshe sai mutum ya ware masa zarto na biyu, kuma da zarar an yi haka arahar da aka hango ta tafi. Wayar ƙarfen kuma tana bukatar a riƙa lura da yadda take kwanciya a ganga, in ba haka ba ta hau kan juna ta lanƙwashe, silinta su fara tsinkewa suna sukar hannu.

Nau'in da na fi karkata gare shi shi ne wanda ake kira kafstan, kuma dalilina yana cikin yadda yake aiki. Gangarsa ƙarama ce, ba ta ajiye igiya ko kaɗan. Ana naɗa igiyar sau uku ko huɗu a jikinta, gefe ɗaya ya tafi wajen gungume, ɗaya gefen ya zo hannun mai aiki. Idan ya ɗan ja nasa gefen, igiyar sai ta kama gangar da ke juyawa, injin ya jawo gungumen, igiyar da ta wuce kuma ta riƙa zuba a ƙasa ko cikin buhu. Duk wanda ya taɓa tsayar da bijimi mai fizga ta hanyar naɗa igiyarsa a jikin bishiya ya riga ya san sirrin, domin kowane zagaye yana ninka riƙon ne, ba ƙari kawai yake yi ba. Masanin lissafin nan Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan tun ƙarni na 18. Idan aka ɗauki matsakaicin kamun igiya a jikin ƙarfe, zagaye uku yana ninka ƙarfin hannu fiye da sau 40, zagaye huɗu kuma kimanin sau 150, wanda ke nufin mutum zai iya sarrafa jan tan guda da ƙarfin da bai kai na ɗaukar bokitin ruwa ba.

Abubuwa biyu masu muhimmanci suna fitowa daga wannan tsari. Na farko, tsawon igiya ba shi da iyaka, ko mita 50 ce ko 100 ko 200, injin bai damu ba, saboda haka ana iya barin sa a kan tudu mai kyau a jawo gungume daga can ƙasan kwari ba tare da an yi ta matsar da shi ba. Na biyu, tun da igiya ba ta taruwa a ganga, kaurin gangar ba ya canzawa, ƙarfin da aka fara da shi da shi za a gama. Akwai na uku da ba a cika faɗa ba, wanda ni a wurina ya fi su daraja: mai aiki yana jin nauyin a hannunsa. Idan gungume ya tokari wani abu, yakan ji tun kafin ya gani, kuma sassauta hannu kaɗai ya isa ya tsayar da jan. Sai dai kada a bar igiya tana zamewa a kan gangar da ke juyawa na tsawon lokaci, domin zafin gogayyar yana ƙona ta a wuri ɗaya.

Kamfanin Portable Winch da ke lardin Kebek na Kanada ya yi suna a wannan nau'i. Samfurinsa PCW5000 yana da injin Honda GXH50, nauyinsa kilo 16, yana jan kilo 1,000 da igiya tilo a gudun mita 12 cikin minti, kuma idan aka sa masa ganga mai faɗi gudun yakan kai mita 18 amma ƙarfin ya ragu. Ƙanensa PCW3000 yana da injin Honda GX35, nauyinsa kilo 9.5, yana jan kilo 700. A Jamus akwai Eder, wanda samfurinsa Powerwinch 1800 ke da giya biyu, ta farko tana jan kilo 1,800, ta biyu rabin haka da ninkin gudu. A Italiya kuma akwai Docma mai yin jerin Forest Winch. Ban kawo waɗannan sunaye don in ce lallai sai su ba, na kawo su ne domin su zama ma'auni: idan aka nuna wa mutum inji mai nauyin kilo 10 da ƙaramin kai irin na injin yankan ciyawa, aka ce masa yana jan tan 3 da igiya tilo cikin sauri, to ya san lissafin bai fita ba, domin ƙaramin inji ba ya ba da ƙarfi da gudu a lokaci guda, sai dai a samu ɗaya a rasa ɗaya.

A ra'ayina, ga mai fitar da turare da malaina da tik daga gandun da aka dasa, irin na Afaka kusa da Kaduna ko na Nimbiya a kudancin jihar, ko mai sare tsofaffin darbejiya a cikin gari, injin da ke jan kimanin tan ɗaya shi ne tsaka-tsakin da ya dace. Yana jan mafi yawan gumagumai kai tsaye, idan kuma aka ci karo da babba sai a ninka igiya. Bambancin kilo 16 da kilo 9.5 ba ya da girma a takarda, amma wanda zai yi tafiyar rabin awa a ƙafa ɗauke da inji da igiya da galan ɗin fetur da zarto zai gane girmansa. Wanda aikinsa ƙananan sanduna ne na rufi da turakun shinge, ƙaramin ya ishe shi.

Maganar kan injin kanta tana da nata nauyi a ƙasarmu. Injin da ake haɗa masa fetur da baƙin mai ya fi sauƙin nauyi kuma yana aiki ko a karkace yake, ga shi mai zarto ya riga yana ɗauke da irin man. Injin da ke da ɗakin baƙin mai daban ya fi shan mai kaɗan, ƙararsa ba ta kai ba, kuma ya fi jure aikin yini, amma wasunsu suna bukatar a ajiye su daidai, in suka karkace sosai sai mai ya daina zagayawa ko su mutu da kansu. GX35 an yi shi ne ya yi aiki a kowace kwana, wannan kuwa abin lura ne ga mai aiki a gangare. Makanikan da ke gyaran injin ban ruwa a fadamunmu sun saba da iyalin Honda GX, sun san kafiretonsu da fulogi da igiyar tayarwa, kuma wannan sabo ya fi mini wata ƙawa da za a lissafa a takardar talla. Akwatin giyar ne ba a samun kayansa a kowace kasuwa, shi ya sa ya kamata a tambayi mai sayarwa tun farko ko yana kawo ganga da giya da kuloci na canji. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da sauri, sai an riƙa wanke ta a kai a kai. Mai aiki a tudun Jos ko a Mambila kuma ya sani cewa injin fetur yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, saboda haka a Mambila, inda tsayin ya kai kimanin mita 1,600 kuma turare ya yawaita, abin da aka rubuta a kwali ba zai cika ba. Akwai masu aiki da batir yanzu, suna da daɗin aiki a cikin unguwa saboda rashin ƙara da hayaƙi, amma sai mutum ya tabbatar yana da inda zai yi caji da batir na biyu.

Igiya ce wurin da aka fi yin ganganci, kuma a nan ne nake roƙon kada a nemi araha. Kafstan yana son igiyar foliyesta mai saƙa biyu, wato ciki saƙaƙƙe da riga saƙaƙƙiya a kansa, mai kaurin milimita 10 zuwa 12 gwargwadon abin da maƙerin injin ya faɗa. Foliyesta ba ta miƙewa sosai, tana jure rana, kuma ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 250. Igiyar nailan tana da ƙarfi, amma tana miƙewa kamar roba, ta tara ƙarfin a jikinta, in wani abu ya ɓalle sai ta dawo da ƙugiya ko sarƙa da gudun da zai iya kashe mutum. Shuɗiyar igiyar nan mai murɗi uku da ake sayarwa a kasuwa don ɗaure kaya da jan ruwa a rijiya ba ta da wuri a wannan aiki ko kaɗan, domin tana narkewa a wajen digiri 165, rana tana cinye ta, kuma babu wanda zai faɗa maka iyakar abin da za ta ɗauka. Hatta igiyar zamani da ake kira Dyneema, wadda ƙarfinta ya yi daidai da na wayar ƙarfe, ba ta dace da gangar kafstan ba in ba mai riga ba ce da aka yi don haka, saboda tana da santsi kuma tana narkewa a ƙasa da digiri 150. Ƙarfin tsinkewar igiya ya kamata ya ninka ƙarfin injin sau da yawa, musamman da yake ƙulli kaɗai yana rage mata kimanin kashi ɗaya bisa uku. Yashi da ke shiga tsakanin zarenta yana yanka ta daga ciki, don haka a riƙa wanke ta da ruwa zalla, a shanya a inuwa, a ajiye cikin buhu ba tare da an naɗe ta ba, kuma duk inda aka ji ta yi tauri ko ta yi ƙyalli alamar ƙuna, a yanke wurin.

Fuli mai buɗewa ta gefe shi ne abu na biyu da za a saya tare da injin, ba daga baya ba. Idan aka ɗaura shi a jikin gungume, igiya ta fito daga inji ta ratsa shi ta koma ta ɗaure a wata bishiya kusa da injin, ƙarfin ja ya kusa ninkawa, gudun kuma ya ragu da rabi, sannan ana bukatar igiya ninki biyu na nisan. Idan kuwa a jikin bishiya aka ɗaura shi, ba ya ƙara ƙarfi, yana karkata hanyar ja ne, wanda hakan ke ba da damar kewaye kututture ko fitar da gungume daga tsakanin layuka ba tare da an goge ɓawon bishiyoyin da ke tsaye ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne nauyin da fulin da abin da ya riƙe shi suke ɗauka. Idan igiyar ta shiga ta dawo ta hanyar da ta fito, suna ɗaukar ninki biyu na jan injin. Idan ta yi kwana irin ta kusurwar ɗaki, suna ɗaukar kusan ɗaya da rabi. Sai kusurwar ta buɗe ta kai digiri 120 ne nauyin ke daidaita da jan injin. Don haka inji mai tan ɗaya yana bukatar fuli da ɗamara da mahaɗi waɗanda aka buga musu tan biyu ko fiye a matsayin nauyin aikinsu, ba nauyin karyewarsu ba. Filin da ke cikin wannan kusurwa ta igiya shi ne wuri mafi haɗari a wajen aikin, domin in fulin ya ɓalle, ta nan igiyar za ta share, kuma ba a barin kowa ya tsaya ko ya ratsa ta ciki, musamman yaran da kan taru kallo.

Turken da za a ɗaure injin ya zama bishiya rayayya mai kauri da saiwa mai zurfi, a ɗaura can ƙasa kusa da gindi, da ɗamarar zare mai faɗi wadda ba za ta yanke ɓawo ba. Sarƙa ko waya da aka zagaya wa bishiya tana iya kashe ta bayan an tafi. A ƙasa mai yashi, ko bayan ruwan sama mai yawa, bishiyar da ake gani kamar ba za ta motsa ba tana iya tugewa, sai a haɗa biyu. A can wajen gungumen kuma gajeriyar sarƙa mai ƙugiyar shaƙewa ta fi dacewa, domin ita ce za ta sha gogar ƙasa da duwatsu a madadin igiya. Akwai wata hular roba mai tsini da ake cusa kan gungumen a ciki kafin a ja, tana sa shi ya zame ta gefen kututture da saiwa maimakon ya caka. Wanda bai samu ba zai iya fere bakin gungumen da zarto ya yi masa gangare. Wannan ɗan aiki yakan rage wahalar ja fiye da ƙarin kuɗin da za a kashe a kan babban inji.

Aiki na biyu da ake saya wa winci shi ne juya bishiyar da ta karkata wajen da ba a so, kamar darbejiyar da ta sunkuya kan katanga ko rufin ɗaki. A nan tsayin wurin da aka ɗaura igiya ya fi ƙarfin inji tasiri. A ɗauka bishiya ce mai nauyin tan 2, wadda tsakiyar nauyinta ya koma baya da mita ɗaya daga gindi. Idan aka ɗaura igiya a tsayin mita 2, ana bukatar jan kilo 1,000 kafin ta miƙe, idan kuwa aka ɗaura a mita 8, kilo 250 ya wadatar, ban da abin da iska za ta ƙara. Shi ya sa ake jefa siririn zare mai ɗan nauyi a baki ya haye babban reshe, a jawo igiyar da shi, ba tare da kowa ya hau ba. Ana ɗaure igiyar a ɗan ja ta kafin a fara yanka, a buɗe baki ta gefen da ake son ta faɗi, a yi yankan baya a bar ƙyauren itace a tsakani wanda zai riƙe ta yana jagorantar faɗuwar, a buga weji, wato abu mai tsini da ake cusawa a cikin yankan don kada bishiyar ta koma baya, mai zarto ya janye gefe, sannan a ja. Ja da ƙarfi tun kafin yankan ya isa yana iya tsaga gangar bishiyar a tsaye ta harbo baya, turare kuwa yana da wannan hali. Injin da mai riƙe da shi su kasance nesa da aƙalla ninki biyu na tsawon bishiyar, in filin bai kai ba sai a karkata igiyar da fuli. Bishiyar da ta ruɓe a ciki ba ta da ƙyauren da za a dogara da shi, wadda kuma ke kusa da wayar lantarki ba a taɓa ta sai ma'aikatan wuta sun kashe layin.

Don irin wannan aiki ne nake fifita injin da ke da kuloci da maƙallin igiya. A wasu samfura gangar tana juyawa muddin injin na kunne, kuma in mai aiki ya saki igiyar, babu abin da zai hana bishiyar komawa baya. A wasu kuwa, jan igiyar ne ke ba injin wuta, sakinta ya rage masa wuta, maƙalli kuma ya damƙe igiyar a inda take. Wannan bambanci ba ya da yawa a jan gungume a fili, amma idan bishiya tana tsaye a kan ƙyaurenta, rabi ta miƙe rabi ba ta miƙe ba, ko gungume yana tsakiyar gangare da mutane a ƙasa, shi ne komai. A duba kuma inda maɓallin kashewa yake, ya zama hannu yana kai masa ba tare da an miƙa shi ta kan ganga ba, sannan tsarin injin ya bar mai aiki ya tsaya a gefe, 'yan mitoci daga layin igiyar. Ba a naɗa igiya a hannu ko a ƙugu, ba a sa riga mai faɗin hannu kusa da ganga, safar hannu ta fata da hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki kuma suna cikin kuɗin injin.

Mafi yawan waɗannan injina na ja ne kawai, ba a yi su don ɗaga kaya sama ba, ballantana ɗaga mutum, domin ba su da irin birkin da aikin ɗagawa ke bukata. Masu ɗagawar nau'i ne daban, kuma nauyin da aka yarje musu ya yi ƙasa sosai da wanda suke ja a ƙasa. Ga wanda bishiya ɗaya ko biyu yake juyawa a wata kuwa, ina ganin Tirfor na hannu, wanda ake lilo da sandarsa yana tura waya ta cikinsa, ya fi masa, domin akwai mai kilo 800 da mai 1,600 da mai 3,200, ba ya shan mai, kuma yana riƙe kaya a duk inda aka tsaya. Jinkirinsa ne ya sa bai dace da jan gumagumai daga nesa ba.

Ranar saye, a nemi littafin injin a karanta kaurin igiyar da aka yarje masa, a duba farantin da ke jikinsa mai lambar ƙira da ƙarfin ja, a tabbatar kan injin na ainihi ne, domin kwaikwayon Honda ya cika kasuwa kuma fentinsu iri ɗaya ne. Idan wanda aka taɓa amfani da shi ne, a juya gangar da hannu ta baya a ji ko tana riƙewa, a duba ko igiya ta ci ramuka a jikinta, a leƙa ƙasan akwatin giya ko yana yoyon mai, a duba kunnuwan da ake maƙala ɗamara ko sun tsage ko an yi musu walda. Daga nan a ɗaure shi a ja wani abu mai nauyi na gaske na tsawon mintuna, a saurari giyar tana ƙarƙashin kaya, domin injin da ke kuka lafiya ba tare da kaya ba bai nuna komai ba tukuna. Wanda zai shiga gandun gwamnati ko dajin al'umma ya riƙe takardar izinin ma'aikatar gandun daji ta jiharsa da yardar masu ƙasa kafin ya kunna inji, ya kuma sani cewa maɗobiya tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta kare tsirrai da namun daji masu fuskantar barazanar ƙarewa, ta sa wa takunkumin ciniki tsakanin ƙasashe tun 2017, bayan irin sarar da aka yi mata a dazuzzukan Taraba da makwabtanta.